Wasa biyar a kwana shida: Sewanee ta 1899

Bilkisu: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Tun makon jiya kuka ishe mu da tambaya ɗaya, wai labarin Sewanee gaskiya ne ko an ƙara masa gishiri. Yaya Sani, bismilla.

Sani: Ko ƙwayar gishiri babu. Ƙaramar kwaleji ce a kan dutse a jihar Tennessee, ɗalibanta ɗari uku da 'yan kai. A 1899 'yan wasanta na ƙwallon Amurka, wato American football, sun buga wasa 12, sun cinye duka. Maki 322 suka ci, aka ci su 10 kacal.

Auwal: Goman ma ai ƙungiya ɗaya ce ta ci su.

Sani: Auburn, ta koci John Heisman. Za mu zo kanta. Abin da ya tayar da ƙura shi ne tafiyar Nuwamba, da suka bi ƙungiyoyin wasu jami'o'i ɗaya bayan ɗaya. Ran 9 suka doke Texas 12 da nema a Austin. Washegari Texas A&M a Houston, 10 da nema. Ran 11 Tulane a New Orleans, 23. Lahadi suka huta. Litinin LSU ta sha 34, Talata Ole Miss ta sha 12 a Memphis. Mil 2,500 a jirgin ƙasa, kusan kilomita dubu huɗu, kuma ba wanda ya ci su ko maki ɗaya.

Bilkisu: To me ya kai su wannan wahala?

Sani: Kuɗi. Sun saɓa da Vanderbilt kan rabon kuɗin ƙofa, wasan da ya fi kawo musu kuɗi ya rushe. Sai manajansu Luke Lea, ɗalibi ne shi ma, daga baya ya zama sanata, ya jera wasannin nan don ya toshe giɓin.

Auwal: Yaya, ka tsallake ruwan.

Sani: Af! Da gangunan ruwan garinsu suka tafi, kada baƙon ruwa ya ɓata musu ciki.

Auwal: Ashe sirrin a ganga yake! Ba koci Billy Suter ba, ganga.

Bilkisu: Sai a ba gangar kofi.

Auwal: A sa mata riga mai lamba. Kyaftin Ganga.

Sani: Kyaftin dai Diddy Seibels ne, ku bar ni in...

Auwal: Mataimakin Ganga ke nan.

Sani: Allah ya shirye ka. Amma ba abin dariya ba ne, gudawa ta kama mutum uku an gama da ku, don dokar lokacin, wanda aka fitar daga fili ba ya komawa. Mutum ɗaya ke kai hari, shi ke tsaron gida. Ba a jefa ƙwallo gaba, sai 1906 aka halatta. Yunƙuri uku ake ba ka ka ci yadi biyar, saboda haka kowa tsakiya yake dannawa, ƙashi da ƙashi. A jirgi kuwa Cal Burrows, baƙar fata ne, shi ke murza musu jiki kafin a isa gari na gaba.

Bilkisu: Auburn fa? Ta yaya aka tashi 11 da 10?

Sani: Lokacin in ka kai ƙwallo bayan layi maki biyar ne, ba shida ba, bugun da ke biyo baya maki ɗaya. Kowa ya kai sau biyu. Sewanee ta ci bugu ɗaya, Auburn ta ɓarar da nata duka. Duhu ya shiga, aka tashi wasan a Montgomery. Wasan ƙarshe kuma da North Carolina, 5 da nema, bugun tsakanin turaku ɗaya ne, don shi ma biyar ne a lokacin.

Bilkisu: Mun yi alkawarin kwatanta su da ƙungiyoyin yau, ga shi lokaci ya ci mu.

Sani: Minti biyu kawai...

Auwal: Sai mako mai zuwa, Yaya. A gaishe da Ganga.