Laccar Ngaundere: agugu da danginsa a gaban ƙwayoyin cuta

Jama'a assalamu alaikum. Abu uku zan faɗa, na baya ku matso, lasifikar ba ta kaiwa can.

Na farko, tsiron da masu Faransanci ke cewa fujer, wanda kuke gani a bakin ruwan Vina da gindin duwatsu masu laima, ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ɗan garin da ke bayan ganyensa shi ne irinsa. Sama da shekara miliyan 300 yana zaune cikin danshi, inda funfuna da bakteriya suka fi yawa, amma bai ruɓe ba. Me ya kare shi? Sinadaran da yake haɗawa da kansa, su tanin da flabonoyid. Kakanninmu ma ai sun san saiwar agugu, wanda shi ma irin fujer ne, da ita suke fitar da tsila.

Na biyu, to a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ya ake gwada ko ganyen yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa? Nan nake so ku saurara. A shanya ganye, a daka, a jiƙa a alkol, a tace, a ɗiga a ƙaramin faifan takarda, sai a ɗora kan farantin da aka shuka ƙwayar cutar Staphylococcus aureus, mai kawo maruru da ƙuraje, a bar shi ya kwana cikin ɗumi. Da safe in ka ga fili fes kewaye da takardar, to ƙwayar ta kasa matsowa. Fes fa! Ɗalibai, in kun gani ku ɗauko rula ku auna, kar ku tsaya murna. Kuma sau da yawa E. coli, wata ƙwayar bakteriya da ke zama a hanji, ta fi taurin kai, don rigarta biyu ce. Amma faranti ba cikin mutum ba ne, ina maimaitawa, ba cikin mutum ba ne, a can akwai hanta, akwai ƙoda, akwai maganar nawa za a sha. Ni dai ina so a yi binciken nan da gaske, don a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin antibiyotik.

Na huɗu... na uku ko? Na'am Alhaji, ko a ba shanu fujer? Allah ya ƙara girma, kar a ba su. Akwai wani iri, Pteridium, a kan tuddai, saniyar da ta daɗe tana cinsa fitsarin jini take yi, har kansar mafitsara, kuma gubar tana bi ta nono. In kun ga jan fitsari a garke ku sauya makiyaya, ku kira likitan dabbobi.