Ido na zubar hawaye, jariri ba ya kuka: ina ake dannawa?

Idan idon jarirai na zubar hawaye, iyaye mata kan yi ta murza wa 'ya'yansu ido, kuma da yawa ba a wurin da ya kamata ba. To ku matso.

Ga jaririn nan. Ba kuka yake ba, amma ido ɗaya kullum cike da ruwa, da safe kwantsa ta manne gashin idon. Hawaye yana da magudana da ke fitowa daga kusurwar ido ta gangara cikin hanci, shi ya sa mai kuka ke jan majina. Wasu jariran ana haifarsu da wata siririyar fata da ta toshe ƙarshen magudanar, can ƙasa cikin hanci.

Toshewar tana ƙasa, ba a ƙwayar ido ba. Saboda haka murza fatar ido ba ya buɗe komai, sai dai ya ja wa yaro jan ido. Ki wanke hannu, ki yanke farce. Ki sa kan yatsa a nan, tsakanin kusurwar ido da karan hanci, inda jakar hawaye take. Ki danna, sannan ki ja ƙasa ta gefen hanci. Danna tukuna, sannan ja. Dannawar ce ke tura ruwan da ya taru ya ɓalle fatar. Shafa a hankali kamar ana lallashi ba ta isa, kuma a nan ne tausayin uwa ke ɓata aikin. Ki yi haka sau 5 zuwa 10, safe da yamma ko yadda likita ya tsara.

Kusan 9 cikin 10 suna buɗewa kafin shekara 1. Wanda ya ƙi, likita kan zura siririn ƙarfe ya buɗe, aikin mintuna kaɗan bayan an sa yaron barci.

Kwalli kuwa, Hajiya kaka ki yi haƙuri, ba ya buɗe magudana, kuma wani yana ɗauke da dalma. Ruwan nono ma a bar wa ciki.

Amma in jariri yana gudun haske, baƙin idon ya yi girma ko ya yi hazo, wannan na iya zama hawan jinin ido, kuma ba ya jira. Haka in fatar ido ta kumbura da mugunya a kwanakin farko na haihuwa. A ranar za a kai shi wurin likitan ido, ko asibitin da ke kusa ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.