Mace Ɗaya, 'Ya'ya 4.8: Yadda Ake Lissafin Yawan Haihuwa a Najeriya

Assalamu alaikum masu kallonmu. Adadin da kuke gani a fuskar wayarku, 4.8, shi ne ya tayar da muhawara a majalisu daga Birnin Kebbi har Jega da Argungu. An ce macen Najeriya tana haihuwar 'ya'ya 4.8, mutane kuma suka ce ƙarya ce tsagwaronta. Wani dattijo a wurin mai shayi ya ƙirga nasa da yatsu, ya kai ashirin da biyu, sannan ya tambayi yaron da ya karanto masa labarin: "Kai yaro, a wane gari aka taɓa haifar ɗigo takwas na mutum?" Tambayar Baba tana kan hanya, kuma ta cancanci amsa.

Adadin ya fito ne daga binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take gudanarwa lokaci zuwa lokaci. A 1990 an sami 6.0, a 2008 aka sami 5.7, a 2013 ya koma 5.5, a 2018 ya zama 5.3, sannan binciken 2023 zuwa 2024 ya ba da 4.8. Ku dubi yadda layin yake gangarowa a hankali.

To, a nan ne mafi yawanmu muke kuskure, don haka a nan za mu daɗe. Mutane suna zaton ma'aikatan sun shiga gida-gida ne sun ƙirga yaran da ke tsakar gida, sannan suka raba da yawan gidajen. Ba haka ake yi ba. Da farko dai, da mace ake yin lissafin, ba da maigida ba. Idan Baba yana da 'ya'ya ashirin da biyu daga mata huɗu, kowace mace ta tashi da biyar da rabi ke nan, kun ga har ya kusato adadin da yake ƙaryatawa. Haka kuma ana haɗa duk matan da ke tsakanin shekara 15 zuwa 49, da mai aure da budurwa da bazawara, da wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. Jaririn da ya zo da rai yana cikin lissafi ko da kwana ɗaya ya yi a duniya, amma ɓari ba ya ciki.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne lokaci. Ana duba haihuwar da aka yi ne a cikin shekara uku kacal kafin binciken. Ku dubi waɗannan mata bakwai da muka jera: ta farko tana rukunin shekara 15 zuwa 19, ta biyu 20 zuwa 24, haka har zuwa ta bakwai da ke rukunin 45 zuwa 49. A kowane rukuni ana tambaya: cikin mata dubu masu waɗannan shekaru, nawa ne suke haihuwa a shekara ɗaya? Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, cewa a rukuni na biyu mata 250 ne cikin dubu. Tun da mace tana shekara biyar a rukunin, sai a ninka sau biyar, a sami 1,250, wato ɗa ɗaya da kwata ga kowace mace. A yi wa sauran rukunai shida haka, sannan a tara. Jimillar ita ce 4.8.

Saboda haka macen da ake cewa tana da 'ya'ya 4.8 ba ta raye a ko'ina. Kamar zane ce da tela ya ɗinka da ƙyalle bakwai, ya aro shekara biyar daga rayuwar kowace mace ya haɗa. Ma'anar adadin ita ce, idan yarinyar da ta cika shekara 15 yau ta bi sawun matan yanzu a kowane mataki har ta daina haihuwa, kimanin 'ya'ya biyar za ta samu. Inna da ta haifi goma sha ɗaya a zamanin Shagari da bayansa gaskiya take faɗa, sai dai haihuwarta ta riga ta wuce, ba ta shiga wannan ma'auni.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa adadin bai yi kama da abin da idonmu yake gani ba: na ƙasa baki ɗaya ne. A binciken 2018, Legas tana da 3.4, Katsina tana da 7.3, yankinmu na arewa maso yamma kuma yana da 6.6. Mai kallo daga Gwandu ko Yauri da ya ce bai ga 4.8 a unguwarsu ba, bai yi ƙarya ba.

Me yake saukar da adadin? Yarinyar da ta tsaya ta gama sakandare tana fara haihuwa a makare. Zaman birni da tsadar haya da kuɗin makaranta suna sa ma'aurata yin lissafi. Tazarar haihuwa, ko ta hanyar asibiti ko ta shayarwa har shekara biyu kafin yaye kamar yadda iyayenmu suka saba don gudun kwanika, tana rage yawan cikin da mace za ta ɗauka. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutuwar yara. Binciken 2018 ya nuna cewa a Najeriya yara 132 cikin dubu suna rasuwa kafin su cika shekara biyar, a Jihar Kebbi kuwa 252 ne, wato kusan ɗaya cikin huɗu, adadi mafi girma a ƙasar a lokacin. Uwar da ta yi ta wabi, wadda ta ga an fita da 'ya'yanta biyu ko uku a cikin tabarma, babu wanda yake da bakin ce mata ta rage haihuwa kafin a tabbatar mata cewa waɗanda ta haifa za su rayu. A ƙasashe irin su Bangaladash da Iran, inda mace take haihuwar fiye da shida a da, adadin ya faɗo zuwa wajen biyu, kuma raguwar mutuwar yara da karatun mata suna cikin manyan dalilan.

Saura tambayar da kuka fi turo mana: idan haihuwa tana raguwa, me ya sa jama'a suke ƙaruwa? Amsar tana cikin wannan layin 'yan matan da ke fitowa daga Islamiyya: matan da ke kaiwa shekarun haihuwa yanzu sun fi na da yawa. Mata ɗari masu 'ya'ya shida-shida za su haifi 600, amma mata ɗari biyu masu biyar-biyar za su haifi 1,000. Masana suna cewa sai adadin ya sauko zuwa kimanin 2.1 kafin 'ya'ya su maye gurbin iyayensu daidai wa daida, kuma ko bayan nan jama'a kan ci gaba da ƙaruwa na shekaru masu yawa. Ƙidayar 2006 ta sami mutum miliyan 140 a Najeriya, yau kuma ƙiyasi ya haura miliyan 200, duk da cewa layin da muka nuna muku yana ta gangarowa a tsawon wannan lokaci.