Ta ci 99 a sanawiyya, me ya hana ta shiga jinya?

[Hoto: waya a hannu, saƙonnin WhatsApp suna ta shigowa]

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Tun ranar da sakamakon ƙabul, wato ɗaukar ɗalibai a jami'o'in Saudiyya, ya fito, wayata ba ta huta ba. Daga Shara Mansur zuwa Hindawiyya a Makka, har mutanenmu na Jidda da Madina, hoto ɗaya ake ta turawa. Takardar sanawiyya ce, wato sakandare, ta wata yarinya, 99 cikin ɗari, an rubuta a ƙasa wai ta nemi kulliyar tamrid, wato koyon aikin jinya, ba a ɗauke ta ba, amma maƙwabciyarta mai 93 ta samu. Nan take aka fara cewa ai sai mai wasɗa, wato mai uwa a gindin murhu, ai ɗan talaka ba shi da rabo.

Wata Hajiya, ƙawar mahaifiyata, ta kira ni bayan isha'i, murya na rawa. Ta ce, "'Yata, ke da kika yi karatu, faɗa min tsakani da Allah, an zalunci yarinyar nan ko?" Na ce, "Hajiya, a ba ni makinta na jarrabawar Ƙudurat da ta Tahsili tukuna, sai na san abin da zan ce." Ta yi shiru jim, sannan ta ce, "Au, su ma ana lissafa su ne?"

Wannan tambayar ce ta sa na zauna yin bidiyon nan. Ana lissafa su, Hajiya. Su ne ma suka fi nauyi.

[Hoto: takardu uku a jere a kan tebur]

Ga takardu uku. Ta farko kowa ya san ta, sakamakon sanawiyya, jimillar shekara uku. Ita ce ake sa wa firam a rataye a falo, ita ake yi wa walima. Ta biyu Ƙudurat, jarrabawar Ƙiyas, cibiyar jarrabawa ta ƙasa, mai sashe biyu: lafzi na fahimtar harshe da kammi na lissafi da tunani. Ta uku Tahsili, ita ma ta Ƙiyas ce, kuma darasi huɗu take tambaya: ahya (ilimin halittu), kimiya (ilimin sinadarai), fiziya da riyadiyat (lissafi), daga abin da aka koya a shekarun sanawiyya duka.

Jami'a ba ta kallon ɗaya ita kaɗai. Takan yanki wani kaso daga kowacce ta haɗa, abin da ya fito shi ake kira nisba mauzuna. Da wannan lambar ake jera ɗalibai daga sama zuwa ƙasa. Rabon da aka fi sani a fannin kimiyya da lafiya, wanda Jami'ar Sarki Sa'ud ta Riyad ta daɗe tana aiki da shi, shi ne 30 na sanawiyya, 30 na Ƙudurat, 40 na Tahsili. Wasu jami'o'in sukan ɗan sauya rabon, saboda haka kowa ya duba na jami'ar da yake nema a shekarar da yake nema. Mu dai bari mu yi aiki da wannan.

Ku lura da kyau. Takardar nan da muka rataye a falo, da ko 100 cif aka ci, abin da za ta kawo bai wuce 30 ba. Sauran 70 ɗin yana hannun jarrabawa biyu da yawancin gidajenmu ba su san ranar da ake yin su ba.

[Hoto: kalkuleta ta waya, yatsa na dannawa a hankali]

To, a ɗauko waya, mu buga tare. Kada ku yi sauri, ni ma ba zan yi ba.

Mu ƙaddara ɗaliba ta farko tana da 99 a sanawiyya, 76 a Ƙudurat, 70 a Tahsili. Ki buga 99 sau 0.30. Me ya fito? 29.7. Ki rubuta a gefe. Yanzu 76 sau 0.30, ya ba da 22.8. Sai 70 sau 0.40, ya ba da 28. Haɗa su uku: 80.5. Kun ga inda 99 ta koma? A gida ana kiranta mai casa'in da tara, a idon jami'a kuwa mai tamanin da rabi ce.

Ɗaliba ta biyu, mu ce 93 a sanawiyya, 88 a Ƙudurat, 90 a Tahsili. 93 sau 0.30, 27.9. 88 sau 0.30, 26.4. 90 sau 0.40, 36. Jimilla 90.3.

Ku tsaya a kan allon nan ku dube shi sosai. Ta farko ta fi ta biyu da maki 6 a sanawiyya, amma da aka auna, waɗannan 6 ɗin ba su kai mata ko maki 2 ba, 1.8 ne kacal. Ita kuwa ta biyu ta fi ta da 20 a Tahsili, abin da ya zama maki 8 cur a ma'auni, ga kuma na Ƙudurat a kai. Tazarar da ke tsakaninsu ta kusan kai 10. A layin da ake raba mutane da ɗigo ɗaya ko biyu, tazarar 10 tamkar ɗaya tana Makka ce ɗaya tana Ɗa'if.

Ga abin da ya fi ci min rai. Yarinyar nan ta farko ba malalaciya ba ce. Wadda ta ci 99 ta yi dare, ta yi asuba, ta bar biki, ta bar ziyara. Amma duk ƙarfinta ta zuba shi ne a wurin da ya riga ya cika. In ta ɗaga 99 zuwa 100, ribarta 0.3. In ta ɗaga Tahsili daga 70 zuwa 80, ribarta maki 4. Da wani ya zaunar da ita tun tana aji biyu ya nuna mata wannan lissafin na minti ɗaya, da yanzu wani labarin ake yi.

[Hoto: tulin littattafan sanawiyya, ana buɗe na kimiya]

Akwai wani abu kuma game da makin Ƙiyas da ya kamata iyaye su sani, don a daina faɗan da bai dace ba. In yaro ya kawo 70 a Tahsili, ba wai ya amsa tambaya 70 cikin 100 daidai ba ne. Makin yana nuna matsayinsa ne a cikin dubban da suka zauna jarrabawar, kuma an tsara shi ta yadda matsakaicin ɗalibi zai faɗo wajen 65. Shi ya sa a makaranta za ka tarar da rabin aji sun haura 90, a Ƙiyas kuwa 90 sai wane da wane. Ma'auni biyu ne daban. Kada Baba ya ga 85 a Tahsili ya ce, "Ina sauran sha biyar ɗin?" Wallahi Baba, wanda ya kawo 85 a nan ya cancanci a yanka masa kaza, har da lemo mai sanyi.

Kuma ana iya sake jarrabawar nan, ba sau ɗaya ake yi a rufe ƙofa ba, kuma maki mafi girma ake ɗauka. Ranakun rajista suna fita a shafin Hukumar Tantance Ilimi da Horaswa, wadda Ƙiyas ke ƙarƙashinta. Ni a ganina, uwa ta san ranar Tahsilin 'yarta kamar yadda ta san ranar ɗaurin aurenta.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowacce yawa a saƙonnina: "Anti, nawa ake nema a jinya?" Lamba biyu ake cakuɗawa a nan. Akwai mafi ƙarancin sharaɗi, wanda in ba ka kai shi ba, ba za ka ma iya nema ba. Wannan izinin shiga layi ne kawai. Akwai kuma lambar da ke yawo a Twitter da Telegram, wai bara an tsaya a kaza. Ita wannan ba wanda ya zauna ya yanke ta tun farko. Kujeru ne ƙidayayyu, ana ɗauka daga saman layi ana saukowa, inda kujeru suka ƙare, makin mutumin ƙarshe shi ne lambar. In bana masu nema sun fi yawa ko sun fi ƙarfi, ta hau. In an ƙara kujeru, ta sauko. Kuma layin maza daban, na mata daban, na kowace jami'a daban. Kada a ɗauko lambar maza ta wani gari a tsorata yarinya da ita, ko a kwantar mata da hankali a banza.

[Hoto: shafin neman gurbi, jerin zaɓi na hawa da sauka]

Sauran matakan da gudu za mu bi, don hoton ya isa bayani. Daga 2025 neman gurbin jami'o'in gwamnati ya koma manhaja guda ta Ma'aikatar Ilimi, mai suna Ƙabul. Ka shiga, ka tabbatar bayananka, ka jera zaɓinka. Abin da ka fi so shi ne a sama, domin za a ba ka mafi sama da makinka ya kai. Sa jinya a lamba ɗaya ba ya ƙara maki, amma jefa ta ƙasa yana iya sa a ba ka wani abu kafin a iso gare ta. Ummul Ƙura a Makka tana da kulliyar jinya, haka Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda, da Ɗaiba a Madina, da Jami'ar Gimbiya Nura a Riyad. Kada a rubuta guda ɗaya a naɗe hannu.

Wanda ke shiga sanawiyya yanzu, tun 2021 aka koma tsarin masarat, wato raba ɗalibai zuwa hanyoyin karatu daban-daban, kuma akwai hanyar lafiya da rayuwa a cikinsu. A tambayi makaranta tun a shekarar farko. Bayan an samu gurbi akwai gwajin lafiyar jiki, wasu wuraren da ganawa ido da ido. Karatun da Ingilishi ake yi, shekara huɗu, sai shekarar imtiyaz, wato ta horon aiki a asibiti, sai jarrabawar lasisi ta Hukumar Ƙwarewar Fannonin Lafiya ta Saudiyya. A wasu jami'o'in kuma shekarar farko ta haɗaka ce, makin da aka samu a cikinta ne ke raba wa kowa kulliyarsa, to a nan ma ba a ajiye littafi don an ga saƙon taya murna.

A nan ba ni da hoton da zan nuna muku, sai dai ku saurare ni. A cikinmu akwai masu jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, akwai masu iƙama, wato izinin zama na baƙi, kuma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Duk lissafin layin da na yi na 'yan ƙasa ne, da 'ya'yan matan Saudiyya, waɗanda ake yi wa mu'amalar 'yan ƙasa a wajen ƙabul. Mai iƙama ta hanyar minha, wato guraben tallafin karatu, yake nema, kujerunta kaɗan ne, kuma jami'o'i da yawa ba sa sa fannin lafiya a cikinta. Shi ya sa da dama ke komawa kwalejojin kuɗi, irin su Faƙih da Batarji da Ibn Sina a Jidda, dukkansu suna koyar da jinya. Ina roƙon iyaye, a faɗa wa yara wannan tun da wuri, a fara tanadi ko a fara duba wata hanya tun suna aji ɗaya. Yarinya ta yi shekara uku tana mafarkin farar riga, sai ranar rajista ta ji labari a bakin kwamfuta, wannan ciwo ne da za a iya kauce masa.

Kuma masu cewa jinya aikin wanda ya rasa likitanci ne, a ƙasar nan fa Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tantinta a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Mu da muke gani da idonmu yadda ma'aikatan jinya ke tsayuwa a Mina da Arfa lokacin aikin Hajji, bai kamata a ji wannan maganar a bakinmu ba.

[Hoto: kalkuleta ta dawo, babu komai a allonta]

Hajiyar da ta kira ni, washegari ta turo jikarta gidanmu, 'yar aji biyu, da waya a hannu. Muka zauna a kan darduma muka buga: sanawiyya sau 0.30, Ƙudurat sau 0.30. Wurin Tahsili babu komai, don ba ta yi ba tukuna. Ta dube ni ta ce, "Anti, ashe arba'in ɗin nan har yanzu yana hannuna." Na ce yana hannunki, na miƙa mata littafin kimiya na aji ɗaya, muka buɗe babin farko.