An ɗaga mota, amma taya na nan tana gugar bodi

Ku ji wannan ƙarar. Ƙurrr. Sake murɗa sitiyarin. Yauwa, ga ta nan kuma.

Wannan motar an ɗaga ta inci 2, an saka mata manyan tayoyi, in ka gan ta a tsaye sai ka rantse aiki ya ƙare. Ku dubi sararin da ke saman taya, dunƙulen hannu yana shiga ya fita. Amma da an murɗe sitiyari za a yi ribas, sai taya ta kama cin bodi. Tambayar da ake ta jefowa kwanan nan ke nan: na kashe kuɗi na ɗaga mota, me ya sa har yanzu take guga?

Lissafi tukuna, a gurguje. Tsohuwar tayar 265/70R17 ce: faɗi milimita 265, tsayin gefe kashi 70 cikin 100 na faɗin, rim inci 17. Duka-duka tsayinta inci 31.6. Sabuwar 285/70R17 ce, inci 32.7, wadda ake ce wa 33. Masu dogon buri kuma su tafi 315/70R17, inci 34.4, su kira ta 35. Shi ke nan, a kashe allon.

Yanzu ku matso, nan ne abin yake.

Taya ba a tsaye take rayuwa ba. Tana hawa, tana sauka, tana juyawa dama da hagu, sau da yawa duka a lokaci guda. A irin waɗannan motoci da kowace tayar gaba ke da hannuwanta (ƙarafan da ke haɗa ta da shasi), ɗagawar inci 2 da akasarin mutane ke yi, ta doguwar shokozoba ko ƙarfen ciko, wurin da taya ke hutawa kawai take canjawa. Ku kalli wannan ɗan dunƙulen robar da ke jikin shasi. Shi ke tare hannun taya in ta nutse sama har ƙarshe. An ɗaga mota, shi kuwa yana nan inda kamfani ya ajiye shi. To ranar da ka faɗa rami da nauyi, taya za ta koma daidai inda take zuwa tun kafin a ɗaga motar, sai dai yanzu ta fi da girma.

Mu sake kallo a hankali. Ga jak yana tura hannun taya sama. Sararin nan da muka yi ta yabo, ku ga yadda yake shanyewa. Ya tafi. Yanzu a murɗe sitiyari. Kun ga inda kafaɗar taya ta dosa? Ba sama ba ne. Baya ne, wajen ƙarfen da bodi ke zaune a kai, bayan robar tare laka. Masu motocin Toyota Tacoma da 4Runner sun san wannan lungu sarai, har yanka shi ake yi a sake masa walda.

Sai a ce to a canja rim, a fito da tayar waje. Nan ma da sauran rina a kaba. Juya rim ɗinka, galibi za ka ga an buga ET da wata lamba a bayansa, milimita ce. Lamba babba, taya ta shige ciki. Lamba ƙarama ko ta ƙasa da sifili, taya ta leƙo waje. Sabuwar tayarmu ta fi tsohuwar faɗi da milimita 10 ta kowane gefe, don haka a kan rim na asali tana iya taɓa hannun sama. Ka fito da ita, ta rabu da hannun, amma fa ta zama kamar ƙyaure mai faɗi: bakinsa ya fi share wuri in an buɗe. Ka tsere wa gugar ciki, ka tarar da ta bamba a gaba da ta bodi a baya. Boris ɗin taya ma ya samu ƙarin kaya, sitiyari kuma ya riƙa fizgar hannu a gargada. Tayar da ta leƙo sosai tana da kyau a hoto, ban musa ba. Wanda ke biye da kai ne ke shan tsakuwa.

Gwajin da ya kamata a yi kafin a biya kuɗin tayoyi huɗu, ga shi. A saka guda ɗaya. A ɗora mota a kan ƙafafun ƙarfe, ba jak kaɗai ba. Makanike ya cire shokozoba da sifirin ɗinta a haɗe, a tura hannu sama har ya taɓa robar nan, sannan a murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ana juya taya da hannu. In ba hali, hau da taya ɗaya kan tudu har ta nutse, ka gwada gaba ka gwada ribas, don a ribas robobin hannu suna ɗan ba da kai, gugar da ta ɓuya ta fito. Shafa alli a haƙoran taya, duk inda ya bar fari, nan ne. Ni dai in yatsa biyu ba su shiga ba, ban yarda da wurin ba, don taya tana lanƙwasa, laka kuma tana cin wuri. Sau da yawa maganin bai wuce ɗan rage roba da gyaran alaimen da zai matsar da taya gaba kaɗan ba. Yankan ƙarfe shi ne na ƙarshe.

Sauran kuma, ga su a jere. Agogon gudu zai fara ƙarya: da 33, in ya nuna 100 kana kusan 104, da 35 kuwa kusan 109. Mota za ta yi nauyin tashi, giya ta riƙa kai-komo a hawa. Mai 35 da giyar aksul ɗinsa ke da lamba 3.73 (yawan zagayen da shaf ke yi kafin taya ta zaga sau ɗaya), lissafi zai kai shi ga canja ta zuwa wajen 4.10, kuma a motar da tayoyi huɗu ke ja, gaba da baya dole su zama iri ɗaya. Birki zai ƙara nisa, a bar rata. Kuma abin da ka samu a ƙarƙashin aksul na baya rabin ƙarin tsayin taya ne kawai: milimita 14 da 33, milimita 35 da 35. Ɗagawa ba ta ƙara masa ko ɗaya. Shi ya sa a ganina 33 ta ishi mafi yawan mutane.

Safaya ma a saya mata irin girman, a kuma gwada ko za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin mota, don sau da yawa ba ta shiga. Notocin taya kuma a sake ɗaure su bayan kilomita 100 na farko.