Kallon Namun Daji da Motarku: Yadda Ake Tuƙi a Gandun Kruger

Ku dubi motocin nan da suka yi layi a bakin ƙofa tun gari bai waye ba. Babu ɗan rakiya a ciki, babu direban haya. Kowa shi zai tuƙa kansa, shi zai nemi namun da idonsa. Wannan Kruger ke nan, a arewa maso gabashin Afirka ta Kudu, gandun da aka ayyana na ƙasa a 1926. Girmansa ya kusa murabba'in kilomita 20,000, tsawonsa daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 360. Da shi za mu yi misali, domin yana cikin wuraren da suka fi sauƙi ga mai son shiga da motarsa: manyan hanyoyinsa kwalta ne, na burjin ma ana gyara su, kuma akwai gidan mai a manyan masaukai.

Abu na farko da baƙi ke kuskurewa shi ne lissafin tafiya. Suna buɗe taswira su ƙirga kilomita, alhali agogo ya kamata su ƙirga. Doka ta ce kilomita 50 a awa a kan kwalta, 40 a kan burji, 20 a cikin masauki, kuma ana ɗana na'urar kama masu gudu. To amma mai kallo na gaskiya ko 50 ɗin ba ya kaiwa. In aka haɗa da tsaye-tsaye, abin da za ku ci a awa bai wuce kilomita 25 ba. Ɗauki hanyar da ta tashi daga masaukin Skukuza zuwa na Satara, kilomita 90 da 'yan kai. A takarda ba ta kai awa biyu ba. A zahiri ku ba ta awa huɗu. In garken ɓauna ya tare hanya kuwa, ku ƙara rabin awa, don ba a yi musu hon.

Dalilin da ya sa wannan lissafi ke da nauyi shi ne ƙofa. Ana rufe masaukai da dare, kuma lokacin yana sauyawa da wata. Daga Nuwamba zuwa Janairu ƙofar masauki na buɗewa ƙarfe 4:30 na asuba, a rufe 6:30 na yamma. Daga Mayu zuwa Yuli sai 6:00 take buɗewa, 5:30 an rufe. Wanda ya makara tara ce ke jiransa. Wanda ya ga zai makara ya taka totur, ya haɗa laifi biyu, ga haɗarin buge dabba a daidai lokacin da namun ke fitowa kan hanya. Saboda haka awa biyu kafin rufewa, ku tabbata ba ku wuce kilomita 30 daga inda za ku kwana ba.

Maganar mota ba ta da tsawo. A Kruger ƙaramar mota ma tana yi. Mai tsayi ta fi ne kawai don a hango saman ciyawa, musamman da damina. Kafin ku bar wurin haya, ku duba safaya da iska a cikinta, da jak, da sifanar taya, ku kuma tambaya ko inshorar ta haɗa da taya da gilashi, domin su ne burji ke fara ci. Tuƙin ƙasar hannun hagu ne. Tanki ya sauka rabi, a cika. Ruwan sha aƙalla lita biyu ga kowane mutum, da madubin hangen nesa, kowa da nasa in da hali. Mai lamba 8x42 ya wadatar. Ku sayi taswirar takarda a ƙofa, don sabis ɗin waya yana ɗaukewa da zarar an yi nisa da masauki. Wurin kwana kuwa, hukumar SANParks mai kula da gandunan ƙasar na buɗe rajista wata 11 kafin lokaci, kuma masaukan kudu irin su Lower Sabie suna cika da wuri. Yankin na da zazzaɓin cizon sauro, sai a ga likita tun kafin tafiya.

Wane lokaci ya fi? Lokutan can sun saɓa da na arewacin duniya. Daga Mayu zuwa Satumba rani ne da sanyi: ciyawa ta kwanta, ganye ya zube, ƙananan tafkuna sun ƙafe, dole dabba ta zo mashaya. Ga mai zuwan farko, wannan ne lokacinsa. Damina, daga Nuwamba zuwa Maris, ta fi kyan gani, tsuntsaye sun yi yawa, barewar impala ta haihu, amma zaki na iya kwanciya taku biyar daga taya ba ku gan shi ba.

Yanzu ga ainihin aikin, wato kallo. Ku fita da buɗe ƙofa. Awa uku na farkon safiya da awa biyu na ƙarshen yini su ne kasuwar. Da rana ta take, masu farauta sun shige inuwa, ku ma ku koma ku huta. Ku sauke gilashi, ku kashe rediyo, don kunne na rigan ido. Impala in ta ga damisa tana yin wani gajeren huci mai ƙarfi, garken duka ya ƙame yana fuskantar wuri guda. Kada ku tsaya kallon impalar, ku bi inda idonta ya nufa. Gwaggon biri na yin haushi daga kan bishiya. Raƙumin dawa in ya daina ci ya kafa wa wuri ɗaya ido, akwai abin da ya hango daga sama. Ungulai suna shawagi can ƙololuwa ba wani labari ba ne, iska suke hawa. In kuka ga suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, ko sun cika bishiya sun ƙi taɓa ƙasa, to akwai nama, kuma mai yiwuwa mai naman yana nan bai tashi ba.

Kada ku nemi dabba sukutum. Ku nemi ɓangarenta: kunne da ya motsa, layin baya a kwance cikin itatuwan da ke tsaye, wutsiya na reto daga reshe. Wannan na ƙarshe shi ne yadda ake yawan gano damisa a manyan bishiyoyin bakin kogin Sabie. Ku raba aiki, mai tuƙi ya riƙe hanya da gefensa, na kusa da shi ya ɗauki ɗaya gefen, a duba kusa sannan a duba nesa. A mashaya kuwa, irin Sunset Dam da ke gab da Lower Sabie, ku kashe inji ku ba ta minti talatin. Yawancin motoci minti biyu suke yi, su ga dorina da kada, su wuce. Abin da ke zuwa sha bayan tafiyarsu, wanda ya zauna ne ke gani.

Me ya sa zaki ke wucewa ta gefen mota ko kallo bai yi ba? Namun nan sun tashi suna ganin motoci, sun ɗauke su wani ƙaton abu da ba ya ci, ba a kuma cin sa. Da zarar kai ko kafaɗa ya leƙo ta taga, siffar ta canza, dabba ta gane mutum ne. Ko ta gudu ta ɓata wa kowa kallo, ko ta matso. Shi ya sa aka hana fita daga mota, aka hana fitar da jiki ta taga ko ta rufi, sai a wuraren da aka ware: wuraren hutawa irin Tshokwane, ɗakunan leƙen tsuntsaye, da wasu dogayen gadoji inda aka ja layi. Taya ta yi faci a daji? Ku zauna ciki, ku kira lambar da ke jikin takardar shigarku, ko ku ba motar da ke wucewa saƙo zuwa masauki mafi kusa.

Giwa ce ke buƙatar darasi nata daban, don ita ce ke iya kifar da mota. An ce giwa a garin wani zomo ce. To nan garinta ne. Ku bar aƙalla mita 50 tsakaninku. Kusa da ita ba a kashe inji, kuma tun kafin ku tsaya ku duba madubi ku ga ko akwai hanyar ribas, kada wata mota ta tokare ku. Garke mai 'ya'ya in yana tsallaka hanya, ku jira na ƙarshe ya wuce, domin sau da yawa akwai ɗan da ya makara a cikin ciyawa, kuma shiga tsakaninsa da uwarsa shi ne babban kuskure.

Ku dubi wannan toron da kyau. Ga wani ruwa mai maiƙo yana gangarowa daga gefen kansa, tsakanin ido da kunne. Ƙafafunsa na baya a jiƙe suke da fitsarin da ke ɗiga ba tsayawa. Yana tafe kai a sama, yana rangaji. Wannan yana cikin lokacin zafin barbara, kuma ba ya kauce wa kowa. In ya biyo hanya, ku yi ta ja da baya a hankali har ya gaji ya ratse, ko da zai kai kilomita guda. Giwar da ke kaɗa kunne sannu-sannu fifita take yi. Wadda ta buɗe kunnuwa ta ƙame, ta girgiza kai, ta watsa ƙura, gargaɗi take yi, ku ba ta wuri. Wadda ta sunkuyar da kai, ta naɗe hanci, ta taho ba ƙara, wannan ba wasa take ba. Hon da ƙarar inji tunzura ta suke yi.

Kashinta ma a kauce masa. Giwa na cin reshe da ƙayarsa, ƙayar na fitowa yadda ta shiga, ta huda taya. Ga kuma buzuzu da ke aiki a ciki.

Inda aka ga zaki za ku tarar da cunkoso. Ku tsaya a gefen da dabbar take, ku bar ɗaya hannun ga masu wucewa, in kun kalla ku matsa wani ya samu. Ba a sauka daga hanya a shiga ciyawa. Ba a ba dabba abinci: birin da ya saba karɓa yakan koma ƙwace, ƙarshenta ma'aikata su harbe shi. A wuraren hutawa ku rufe gilashi ruf kafin ku sauka. Jirgi marar matuƙi haramun ne a gandun. In kuka yi sa'ar ganin karkanda, ku ɗauki hoto, amma kada ku sa inda kuka gan ta a intanet, don masu farautar ƙahonta su ma suna bibiya. Za ku lura allon da ake manna alamun abin da aka gani a masaukai ba ya nuna karkanda.

Da damina akwai ƙananan gadoji da ruwa ke haurewa. In ba ku ga simintin gadar ba, ku juya, kuma hanyar da aka gicciya wa shinge ko alamar rufewa ba a zagaye ta. Juyawar na iya cin awa guda, sai ku sake duba agogo da nisan da ya rage zuwa ƙofa kafin ku zaɓi wata hanyar.