Darasi: Shirya Jirgin Filafili Kafin a Tsallaka Teku

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka daga nan birnin Shehu. Yau ma muna tare da Baba, wanda ya yi shekaru yana aiki a ƙananan jiragen ruwa masu filafili, wato ƙyallen da iska ke turawa, irin waɗanda mutum ke mayarwa gida, can zai kwana can zai tashi. Makon jiya mun tsaya kan sayen jirgi. To Baba, an saya, sai tafiya ke nan?

Baba: Wa alaikumus salam. A'a ɗana, da sauran rina a kaba. Bari in fara da abin da Basakkwace zai gane nan take: teku hamada ce. Duk wanda ya taɓa jin yadda Buzaye ke shirya ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma ya san rabin wanga darasi. Babu kasuwa a hanya, babu makaniki, babu rijiya. Abin da ka ɗauka shi ne naka.

Mu ɗauki hanyar da anka fi bi. Daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa tsibirin San Lushiya a yankin Karibiyan, mil 2,700 ne na teku, wajen kilomita 5,000, kamar ka je Legas daga nan sau biyar. Tun 1986 ake yin wata tafiya ta ayari daga Las Palmas zuwa Karibiyan, ana ce mata ARC, ana tashi cikin Nuwamba. Ƙaramin jirgi yakan ci mil 120 zuwa 150 a kwana ɗaya, saboda haka mako uku ne, in Allah ya ba da iska.

Mai gabatarwa: Me ya sa sai Nuwamba?

Baba: Saboda lokacin manyan guguwa a tekun Atilantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ana jira ya zo ƙarshe. Sannan iskar da ke busowa daga arewa maso gabas ta zauna. Kun san ta ai, danginta ɗaya da iskar hunturu da ke fasa mana leɓe a nan. Na taɓa tashi da safe kusa da tsibiran Kef Bade na tarar da jar ƙura a kan filafili, ƙurar hamadarmu ce ta biyo ni. Wallahi ranar sai da na ji kewar gida.

To ruwan sha. Nan nake so mu daɗe. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. In ka sha, ƙoda sai ta fitar da ruwan da ya fi wanda ka sha kafin ta kori gishirin, ƙishin ya ƙaru. Saboda haka ka ɗauki biro ka yi lissafi. Mutum huɗu, kowa lita 4 a rana ta sha da girki. Kada ka lissafa kwana 21, ka lissafa 30, don iska na iya ɗaukewa ku yi kwanaki kuna lilo wuri ɗaya. Lita 480 ke nan, wajen jarka 20 mai lita 25, kusan kura biyu ta 'yan ga-ruwa. Wanga fa babu wanka ciki, babu wanki.

Kuma kada ka zuba shi duka wuri ɗaya. Wata tafiya da munka yi, kwana na tara na ɗebo ruwa zan dafa shayi, na kai baki, na ji gishiri. Ashe wata 'yar roba ce a murfin tanki ta tsage, robar da ba ta kai kuɗin kofin koko ba. Duk igiyar ruwan da ta wanke saman jirgi sai ta ɗiga ciki. Tanki guda ya tafi. Abin da ya cece mu, mai jirgin ya rufe famfon da ke haɗa tankunan biyu tun kafin mu tashi, ga kuma jarkoki shida ɗaure a baya. Sauran tafiyar da kofi munka riƙa rabo. Tun ranar ban ƙara hawa jirgi ba sai na buɗe kowane murfi na shafa robar da yatsana.

Jarkokin nan kada ka cika su fal. Bar ɗan fili a sama, don in ta ɓaci anka jefa su ruwa su yi iyo ku kama. Famfon lantarki kuwa kashe shi, a riƙa taka na ƙafa. Wanda ya taka da ƙafarsa ba ya ɓarna.

Mai gabatarwa: Baba, ance akwai injin da ke mayar da ruwan teku na sha.

Baba: Akwai, kuma ni'ima ce. Yana matsa ruwan da ƙarfin gaske ta cikin wata matata mai ƙananan ƙofofi, gishiri ya tsaya, ruwa ya wuce. Amma yana cin batir, kuma na'ura ce, tana lalacewa. Abin da ya ba ka ƙari ne, kada ka sa shi cikin lita 480 ɗin can.

Alwala fa, na san ita ce tambayar da ke bakin jama'a. An riga an amsa mana. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abu Huraira, wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa suna hawa teku da ruwa kaɗan, in sunka yi alwala da shi za su ji ƙishi. Ya amsa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. To guga da igiya, ka ɗebo ka yi alwalarka. Sai dai ka ɗaure igiyar a jikin jirgi, kada ka naɗe ta a hannu, don gugan da ya cika jirgi na tafiya yana iya fizge ka.

Yanzu ruwan da ba ka so ya shigo. Ƙasan jirgi akwai ramuka da anka huda da gangan: na sanyaya inji, na bayan gida, na wurin wanke kwano. Kowane yana da makulli. Kwanta rub da ciki da tocila ka ƙidaya su, ka murɗa kowane, ya buɗe ya rufe. Wanda ya cije a canza shi tun jirgi yana kan tudu. A gefen kowane rami ka ɗaure toshiyar katako mai tsini daidai bakinsa, yadda ko cikin duhu ka lallaba za ka same ta. Famfon kwashe ruwa na hannu ma ka gwada shi da ruwan gaske, kada ka tsaya kallo.

Wayoyin ƙarfen da ke riƙe da turken filafili, in sun kai shekara 10 a canza. Sa a ja ka sama da igiya ka duba kowace mahaɗa. Sili ɗaya ya tsinke, wayar ta gama aiki. Ɗauki allura da zare mai kauri na ɗinkin filafili, da matatar dizal fiye da ɗaya. Tukunyar gas a ajiye ta waje cikin akwati mai ƙofar fita ta ƙasa, domin gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasan jirgi yake taruwa.

Guzuri kuwa, a nan mu ke da riba. Albasarmu in ka rataye ta cikin raga inda iska ke ratsawa, sai ta yi makonni. Garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, kuka, daddawa, yaji. Kilishi a ɗaure shi tam cikin leda, laimar teku na sa shi fumfuna. Kwali kada ya hau jirgi, ƙwan kyankyaso na ɓoyewa ciki. Abincin gwangwani ka rubuta sunansa a murfi, takardar na ɓallewa in ta jiƙe.

Mai gabatarwa: Lokaci na harararmu Baba. In hatsari ya auku fa?

Baba: Kwalekwalen roba na ceto, a duba ranar da anka yi masa sabis. Na'urar EPIRB, wadda ke aika kukan neman agaji ga tauraron ɗan'adam a kan megahas 406, a yi mata rajista da sunan jirgin. Rediyon VHF a bar shi kan tasha ta 16, tashar kiran neman agaji. Da dare wanda ke gadi ya sa rigar ceto, ya maƙala igiyarsa a jikin jirgi kafin ya fito, ko da fitsari zai yi. Mutum in ya faɗa ruwa cikin duhu sauran na barci, jirgi ba ya jiransa.

Mai gabatarwa: Allah ya kiyaye. Mun gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Mako mai zuwa sai gano alƙibla da lokutan salla a tsakiyar teku.

Baba: In Allah ya kai mu. Zan zo da kamfas ɗina.